Renon Sauro

Da hantsi ta zo, yarinyar jami'a,
Larasati, hular kwano a hammata,
babur ɗinta na huci a bakin lungu.
Ta rusuna yadda ake wa manya a Yogyakarta,
ta ajiye ɗan bokiti a gabana,
fari, da murfi, da 'yan huji a wuyansa.

Ta ce, "Mbah Tukinem, amana muka kawo.
Ƙwan sauro ne. Ki riƙe mana."

Na dube ta, na dubi bango
inda hoton jikana Danang yake rataye,
farar rigar makaranta, jan wando,
haƙorin gaba bai gama fitowa ba.
Kwana biyar zazzaɓin dengi ya yi da shi.
Ran na huɗu jiki ya yi sanyi, muka ce an samu sauƙi,
har na dafa masa shinkafa da ƙwai.
Ran na biyar dasashinsa ya soma jini.

Shekara tara ke nan ina yaƙi.
Na kife kwalba, na kife ɓawon kwakwa,
na goge randar banɗaki duk Juma'a har farce ya cinye.
Masu feshi sun zo, hayaƙi ya sa ni tari,
sauro ya dawo bayan kwana uku kamar mai bin bashi.
Yau kuma a ce in zama uwar goyonsa?

Larasati ba ta ja da ni ba.
Hannun riga ta naɗe.
Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, ja wur, tabo kan tabo.
Ta ce, "Duk Talata nake sa shi a keji,
su sha su ƙoshi, su yi mana ƙwai.
Akwai wata ƙwaya a cikinsu, Wolbakiya,
ido ba ya ganinta.
In ta riga shiga, da ƙyar dengi ke samun wurin shimfiɗa,
kamar baƙon da ya tarar ɗaki ya cika.
Uwa ta ba 'ya'ya, 'ya'ya su ba jikoki."

Na ce, "Kin tabbata?"

Ta yi shiru har mai tallan awara ya wuce.
Ta ce, "Abin da muke aunawa ke nan.
An yanka gari kashi-kashi, an jefa ƙuri'a,
wasu unguwanni da bokiti, wasu babu.
Sai mun ƙirga masu zazzaɓi nan da can.
In na ce miki na sani yau, na yi ƙarya."

Da ta ce ta tabbata, da na nuna mata ƙofa.
Wanda ya ce mana mura ce, ran farko,
shi ma ya tabbata.

Na ajiye bokitin a inuwar mangwaro.
Pak Sarjono ya leƙo ta katanga
ya ce tsufa ya fara taɓa ni.
Na ce ya fara kwashe tsofaffin tayoyinsa tukuna.

Bayan sallar asuba nakan ɗaga murfin kaɗan.
Ga su nan, 'yan tsutsotsi, wutsil-wutsil,
kamar waƙafin da ya tsere daga littafin Danang.
Ba na son su.
Kada wani ya je ya ce na ce ina son su.
Amma da kaza ta nufi wurin, tsintsiya na ɗauka,
kuma daren jiya da ruwa ya kece
ni ce a waje da lema, ina riƙe wa bokiti.

Da maraicen nan, Merapi ya ja mayafin gajimare,
ina tsinkar ganyen rogo a baranda,
ɗaya ya sauka a bayan hannuna,
ƙafafu masu zanen fari da baƙi.
Tafina ya tashi da kansa, shekara tara ta koya masa.
Sai ya tsaya a sama.
Nawa ne, ko na wancan lungun?
Ba ya yawo da takardar shaida.

Ƙanwar Danang tana ciki tana hadda,
bakwai sau takwas, bakwai sau tara.
Na bar shi ya sha.
Ya tashi da nauyi, ya bi ta kan rufin Pak Sarjono.
Na sosa wurin, na koma kan ganyena.